Abin da na faɗa wa mahaifina a 1988, ɗana ya maimaita mini shi

Baban Sadiya (Aboabo):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina karanta muhawarorinku ban taɓa sa baki ba. Yau dai abu ya tokare mini ƙirji, ina so in ji ta bakin manya da yara duka, ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

A 1966 aka haife ni, nan Kumasi ta ƙasar Gana. Mahaifina falken goro ne, kuma Batijjane na haƙiƙa. Yana saurayi ya ga Shehu Ibrahim Inyass da idonsa lokacin da ya zo garin nan a 1952, kuma har ya koma ga Allah, in ya ɗauko labarin ranar sai muryarsa ta soma rawa. Na buɗe ido ina jin lazimi da asuba, wazifa bayan magariba, zikirin Juma'a bayan la'asar. Ni ne yaron da ke naɗe farin ƙyalle in an tashi wazifa. Ga laya a wuyana, ga kambu a damtsena. In zazzaɓi ya kama ni, sai an wanke allo na sha rubutu kafin a yi zancen asibiti. A lokacin ban san wani abu wai shi shakka ba. Abin da na sani kawai, babana yana kusa da Allah, ni kuma ina riƙe da gefen rigarsa.

Bayan yunwar 1983 aka kai ni koyon gyaran mota a Magazin, can Suame. A nan na haɗu da samari masu yawo da kaset-kaset na wa'azi, wasunsu yayyensu sun dawo daga karatu a Madina. Da dare mukan kamo Rediyon Kaduna mu saurari tafsirin Shehu Abubakar Gumi. Karon farko ke nan da na ji ana cewa kome malami ya faɗa a tambaye shi aya ko hadisi. Ba zan yi wa wannan zamani butulci ba. Shi ya cire mini tsoron maita da sammu, shi ya sa na nemi ma'anar abin da nake karantawa a salla, shi ya koya mini in ɗaga hannu in roƙi Ubangijina kai tsaye. Amma tare da wannan alheri sai wani taurin zuciya ya shige ni, ni kuwa na ɗauka kishin addini ne.

Wata Juma'a a 1988 na tsaya a zauren gidanmu, gaban abokansa, na ce masa: "Baba, daga yau ba na ƙara bin ka salla sai ka bar wannan ƙyallen." Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce: "Allah ya shirye mu baki ɗaya. Shiga ciki, uwarka ta ajiye maka tuwo." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai kuma sake tayar da maganar ba. Shekara 6 muna gida ɗaya, yana salla a zaure, ni ina tsallake shi in tafi wani masallaci. Ya rasu a 1994. Na yi masa salla, na ɗauki makararsa har maƙabartar Tafo, amma na ƙi zaman uku, na ƙi na bakwai. Ranar arba'in mata suna suyar masar sadaka a tsakar gida, na sa kayan aikina na ratsa ta tsakiyarsu na tafi gareji. Mma ta bi ni da ido har ƙofa. Har ta rasu ba ta ce mini uffan a kai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ina dab da 60. Ban karɓi ɗariƙa ba, ba na rataya laya, kuma har gobe ban gamsu da ware kwana uku ko arba'in ba. Amma in maƙwabcina ya yi rashi aka taru, ina zuwa in zauna, in yi wa mamacin addu'a, in riƙe hannun 'ya'yansa. Makon jiya ina sa hula zan fita irin wannan zama, ɗana mai shekara 24 ya tsaya a bakin ƙofa ya ce: "Baba, wurin nan bidi'a ake yi, kuma kai ka sani." Wallahi muryata na ji a bakinsa. Na zauna kan benci, na kasa fita, na kasa komawa ɗaki.

Tambayata ita ce: imanina ne ya yi rauni da tsufa, ko kuwa nuna ya yi? Kuma me zan ce wa yaron nan?

Ɗan Asawase:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya jiƙan iyaye. Ni sa'an ɗanka ne, ina kuma magana da girmamawa. Amma gaskiya ba ta yin furfura. Abin da yake bidi'a a 1988 bidi'a ne yau, don Allah ya cika mana addini tun a hajin bankwana. Abin da kake ji tausayi ne, tausayi kuwa abu ne mai kyau, sai dai ba hujja ba ne. Mun sha ganin manyanmu da suka tsaya kan sunna da ƙuruciya, da girma ya zo kunyar mutane ta rinjaye su, jama'a kuma su ce ai yanzu ya yi hankali. Ina tsoron ranar da ni ma zan gaji in kira gajiyar hikima. Ɗanka bai yi laifi ba.

'Yar Alabar:
Ɗan Asawase, ka karanta har ƙarshe kuwa? Dattijo yana maka zancen idon mahaifiyarsa a bakin ƙofa, kai kana masa zancen hujja.

Ɗan Asawase:
Yaya, na karanta, kuma ya taɓa ni. Shi ya tambaya ko rauni ne, ni kuma na ba shi amsar da nake ganin zan iya tsayawa da ita gaban Allah.

Maman Ikilima (Nima):
Baban Sadiya, Allah ya gafarta wa Baba da Mma. Ni nawa sauyin ba na ɗariƙa da sunna ba ne, amma bari in faɗa ko wani zai amfana.

Ƙanena ya tafi kallon ƙwallon Hearts da Kotoko ranar Laraba 9 ga Mayu 2001, bai dawo ba. Duk wanda ke nan Ankara (Accra, babban birnin Gana) lokacin ya san abin da ya faru a filin: aka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga, ƙofofi a rufe, fiye da mutum 120 suka rasu, da yawansu yaran unguwanninmu. Shekararsa 19. Shi ne ke kiran sallar asuba in ladan ya makara.

Kafin ranar nan, ashe imanina ciniki ne ban sani ba. Ina salla, ina azumin Litinin da Alhamis, ina sadaka, Allah kuma ya tsare mini nawa. Da aka kawo gawarsa sai na ji kamar an ci amanata. Astagfirullah, amma haka na ji. Wata bakwai ina salla da gangar jiki, baki na motsi, zuciya ta juya baya. Kowa ya shigo ta'aziyya sai ya ce haƙuri, ƙaddara ce, ni kuwa kamar ana zuba mini gishiri a gyambo.

Ba wa'azi ne ya dawo da ni ba. Wata tsohuwa ce mai koko a layinmu, wadda ta binne 'ya'ya huɗu. Kullum da safe sai ta aiko mini da koko da ƙosai, ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Rannan na je na zauna gefen tukunyarta na ce, Mma, yaya kike iya ɗaga hannu har yanzu? Ta ce: "'Yata, in na yi fushi da Shi, wurin wa zan kai ƙara?" Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Tun daga nan na daina lissafi da Ubangijina. Nafilolina na yanzu ba su kai na da yawa ba, amma ni na san raka'a biyun da nake yi yau sun fi goma na wancan lokaci nauyi. To ɗana na Asawase, wannan rauni za ka kira shi ko me?

Ɗan Asawase:
Mma, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. A'a, wannan ba shi nake nufi ba. Ke matsowa kusa kika yi.

Malam Mai Allo (Sawaba):
Jama'a, akwai abin da aka yi imani da shi, akwai kuma mutumin da ya yi imanin. Na farkon ba ya motsi, a nan Ɗan Asawase yana da gaskiya. Amma ɗan Adam motsi ne aikinsa. Magabata sun karantar da mu cewa imani yana ƙaruwa yana raguwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yawaita roƙon Mai jujjuya zukata ya tabbatar da zuciyarsa kan addini. Da zuciya dutse ce da ba a yi wannan addu'ar ba. Sahabi Hanzala ya fito yana cewa ya zama munafuki, don abin da yake ji a gaban Annabi ba shi yake ji ba in ya koma cikin iyali da dukiya, aka kwantar masa da hankali. Imam Shafi'i yana da fatawoyin da ya bayar a Iraƙi, da ya koma Masar ya bar wasu. Abul Hasan Al-Ash'ari ya kai wajen shekara 40 cikin Mu'utazila sannan ya fita. Imam Gazali kuwa yana tsakiyar ɗaukaka a Bagadaza, manyan ɗalibai cike da zaurensa, a 1095 ya ajiye kome ya fita neman gyaran zuciyarsa.

Baban Sadiya, ni abin da na gani a labarinka, ba fahimtarka ce ta ci ka ba. Maganar kwana uku da arba'in malamai sun daɗe suna saɓani a kai, kuma ba a nan zauren za mu ƙare ta ba. Abin da ke ci maka rai aya ce a Suratu Luƙman: ko iyaye sun matsa maka ka yi shirka, kada ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. Wannan fa iyaye mushirikai ke nan. Ina ga uban da kalmar shahada ce farkon abin da ya raɗa maka a kunne? Rabin farko na ayar kuka riƙe da ƙarfi, rabi na biyun sai yanzu ya iso gare ka. Shekara 31 ina karantar da yara, kuma na lura yaro yana saurin haddace "kada ka bi su," don akwai daɗi a ji an fi babba gaskiya. Ɗaya rabin ba ya da wannan daɗin.

Ɗan Asawase:
Allah ya gafarta Malam, Imam Shafi'i ya sauya ne don dalili ya riske shi, ba don shekaru sun hau kansa ba. In Baba ya samu sabon dalili, a kawo mana mu ma mu ƙaru.

Malam Mai Allo (Sawaba):
Ka yi gaskiya, na karɓa, misalin Shafi'i bai zauna daidai ba a nan. Amma ka lura Baba bai ce ya sauya hukunci ba, ya faɗa da bakinsa har gobe bai gamsu ba. Dalilin da ya riske shi tsoho ne, yana kan allonsa tun yana yaro, kunnen jin sa ne bai tsiro ba. Ka buɗe Suratul Ahƙaf, inda Allah ya ambaci mutum in ya kai shekara 40. Addu'ar da ke wurin godiya ce kan ni'imar da aka yi masa shi da iyayensa, sannan roƙon a gyara masa zuriyarsa. Ya waiwaya baya ya ga iyaye, ya dubi gaba ya ga 'ya'ya. Mai shekara 22, kamar Baba a 1988, bai tsaya a wannan tsakiyar ba tukuna. Kuma ita ta'aziyya kanta babu mai musun falalarta, yadda ake tsara zaman ne ake jayayya.

Direban Trotro (Tafo):
Kada a ɗauka duk wanda ya girma sassautawa yake yi. Ni nawa akasin haka ne.

A 2008 na bi hanyar Agadas zuwa Libiya. Kafin in tashi, uwata ta sayar da keken ɗinkinta muka biya wani malamin tsibbu. Ya yi mini guru na ɗaura a ƙugu, da layu bakwai, ya ce ƙarfe ba zai ci ni ba, ƙishi ba zai kashe ni ba. Abokin tafiyata ya fi ni kaya nesa ba kusa ba. Bayan mun wuce Dirku motarmu ta mutu a tsakiyar rairayi. Kwana huɗu. Ruwan jarka ya ƙare a na uku. Abokina ya cika a kan cinyata da layunsa duka a jikinsa, muka tona masa rami da hannu. A wurin na kwance gurun na jefar, na ce ya Allah ba ni da kowa sai Kai. Washegari wata mota ta biyo.

Na yi aikin gini a Sabha da Tarabulus har yaƙin 2011 ya koro mu. Na dawo ina da shekara 35, na durƙusa gaban yaro sa'an ƙanena ya gyara mini Fatiha, don ashe duk tsawon rayuwata da kuskure nake karanta ta. Yanzu na fi da tsanani a kan laya sau ɗari, saboda na ga ƙarshenta da idona. Amma ga inda nake tare da Baban Sadiya. Uwata har yau in na kai mata jikoki sai ta ɗaura wa ƙaramin laya a wuya. Ina cirewa in mun dawo gida. Ban taɓa cirewa a gabanta ba, don ina tuna keken ɗinkin. Ban san ko daidai nake yi ba, malamai su faɗa mini.

Ba Suna:
Ku yi haƙuri na ɓoye sunana. Ina shekarar ƙarshe a jami'a nan Kumasi. Duk kuna zancen tashi daga wannan ɗaki zuwa wancan ne a cikin gida ɗaya. Ni akwai lokacin da na tsaya a ƙofar fita daga gidan baki ɗaya.

Na sauke Alƙur'ani ina shekara 14, aka yi walima, aka yanka rago. Da na shiga jami'a muka haɗa ɗaki da wani yaro ɗan Mampong, Kirista, wanda ya fi ni gaskiya da riƙon amana, yana kuma tashi addu'arsa da asuba kamar yadda nake tashi. Sai tambaya ta maƙale mini: da a gidansu aka haife ni, ashe yanzu ina coci da irin wannan yaƙinin? To yaƙinina nawa ne ko gado ne? Na kai wa wani malami, ya ce boko ya lalata ni, in je in yi istigfari. Daga ranar na rufe bakina, shekara biyu ina bin sahu don kada a gane.

Wani tsohon malami ne a unguwarmu ya lura na daina tsayawa gaisuwa. Ya kira ni, na faɗa masa kome ina jiran ya kore ni. Sai ya ba ni labarin sahabban da suka zo wa Annabi suna cewa suna jin abin da suke tsoron furtawa a zukatansu, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Ya karanta mini inda Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu domin zuciyarsa ta natsu. Bai warware mini tambayar duka ba. Amma ya ce in dawo ranar Alhamis, kuma har yau ina komawa. Ina salla yanzu da zaɓina. Wasu tambayoyin suna nan.

Abu Sumayya:
Mai kula da zaure, irin wannan magana bai kamata a bar ta ba. Yara suna karantawa, shubuha kuma saurin kama zuciya gare ta.

Mai kula da zaure:
Malam Abu Sumayya, na ji damuwarka, amma ba zan goge ba. Bai zagi kowa ba, bai kira kowa zuwa ga barin addini ba. Yaran da kake tsoro dominsu, wasunsu suna ɗauke da wannan tambayar a ɓoye, gara su ga akwai malamin da ba ya kora. A ci gaba cikin ladabi.

Maman Yusif (Tafo Zango):
Ba Suna, ɗana, ni ce amsar rabin tambayarka, don a gidan su abokinka aka haife ni. Batoniya ce ni, wato 'yar Ashanti, a cocin Metodis na tashi, ina cikin masu waƙa. Hausar ma a gidan miji na koya. Na musulunta a 1997, kuma zan faɗi gaskiya, don aure na yi. Shekara goma ina salla saboda surukata tana kallo. Ranar da abin ya shiga zuciyata babu kowa a wurin. Yusif ne ba lafiya, ina zaune a asibiti ƙarfe uku na dare, na yi alwala a famfon waje na sa goshi a ƙasa, na ji ba na son ɗagowa. Ka ga wanda aka haifa a ciki da wanda ya shigo daga waje, kowa sai ya zo ranar da zai karɓa da hannunsa.

Uwata tana nan da ranta, Kirista ce, ba ta fashin coci. In na je ƙauye da azumi ita ke tashina sahur. Da farko dangin mijina ba sa son ina zuwa jana'izar danginmu, ni ma har na fara jin kunyar su. A 2019 da Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100 ya shiga cocin Christ the King a Ankara ranar Ista don gaisuwa da zumunci, na san wasu sun yi suka. Ni dai na zauna gaban talabijin ina hawaye, don ranar na daina jin dole sai na zaɓa tsakanin sallata da uwata.

Alhaji Mai Goro (jikansa ke rubuta masa):
Alhaji ya ce a gaishe da kowa. Shekararsa 85, ido ya yi rauni, na karanta masa tun daga sama, ya ce in rubuta kamar haka.

Baban Sadiya, ɗana. Masu goro muna da yawa a lokacin, ban sani ba ko na san mahaifinka, amma na san irinsa. Zan gaya maka abin da ƙila bai gaya maka ba. Mu da muka bi Shehu Ibrahim, mu ne 'yan tawayen zamaninmu. Iyayenmu da sadalu suke salla, hannu a sake. Da muka fara ƙablu muna ɗora hannu a ƙirji, muna zancen faila da tarbiyya, tsofaffi suka ce mun kawo sabon addini. Ni da kaina na taɓa ce wa mahaifina karatunsa na zahiri ne, bai san Allah ba tukuna. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa. Ina shekara 20 na faɗi haka. Saboda haka ranar da ka tsaya a zaure kana magana, ina kyautata zaton mahaifinka ba kai kaɗai yake kallo ba.

Na ga abubuwa. A 1969 da gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su bar ƙasa, rabin sahun masallacinmu ya hau lori. Wanda muke gaba da shi kan sadalu, ni na raka shi tasha ina ɗauke da tabarmarsa, ban sake ganinsa ba. Daga baya rigimar ɗariƙa da sunna ta zo, na ga 'yan uwa ciki ɗaya ba sa gaisawa, na ga aure ya mutu a kanta. Ni ma na yi zafi a ciki, ba na musu.

Da ƙuruciya ina wuridi ina neman maƙami, ina son in ga abin da manya suke gani. Ina tafiya maulidi har Prang wurin Shehu Abdullahi Maikano, ba na jin nisa. Yanzu ƙafa ba ta kai ni ko'ina. Ban bar wuridina ba kuma ba zan bari ba, amma abin da ya fi tsayawa a bakina shi ne istigfarin farkonsa. A 2020 da aka rufe masallatai saboda annoba, na yi azumi babu tarawihi a jam'i, na yi Juma'o'i ina sallar azahar a ɗaki. Jikan nan da ke rubutu ɗan Ahlus Sunna ne. Shi ya riƙa ja na salla, don ba na iya dogon karatu. Na bi shi, ban ji kome ba sai daɗi.

Kada ka yi gardama da yaronka. Ka ba shi labarin, ka bar shi da shi.

Ɗan Asawase:
Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Ban janye maganata kan hukunci ba, kuma Direba, ni a ganina ka nemi hanya mai taushi ka fahimtar da Mma, kada ka tsaya kan cirewa a ɓoye. Amma ayar Luƙman ta tsaya mini. Wata uku ke nan ban ci abinci kwano ɗaya da babana ba, kan maulidi.

'Yar Alabar:
To ƙanena, yau akwai tuwon dare.

Baban Sadiya (Aboabo):
Na gode muku duka, har da Ɗan Asawase, don maganarsa ta hana ni yi wa kaina sassaucin da bai dace ba. Na zauna na bincika zuciyata ko kunyar mutane ce ke kai ni zaman makoki. Wani lokacin akwai ta, ba zan ɓoye ba. Amma mafi yawa fuskar Mma nake gani a fuskar matan gidan.

Jiya bayan isha'i na kira yaron ɗakina. Na buɗe akwati na ciro tasbahar mahaifina, wadda na ɓoye shekara 30 ba na so a gan ta a hannuna. Na ba shi labarin 1988 kamar yadda na ba ku, ban rage kome ba. Ban ce masa ya yi kuskure ba. Ya yi shiru yana juya tasbahar, sannan ya ce: "Baba, Kaka ya yafe maka kafin ya rasu?" Na rasa amsa, don ban taɓa roƙonsa ba.

Malam Mai Allo, akwai abin da ya rage da zan iya yi masa yanzu?

Malam Mai Allo (Sawaba):
Akwai, kuma babu ɓangaren da ke jayayya a kansa. Addu'ar ɗa nagari tana isa ga mahaifi, sadaka mai gudana da sunansa tana isa. Sannan ya tabbata a hadisi cewa yana daga mafi girman biyayya mutum ya sada zumunci da abokan mahaifinsa bayan ya tafi. Waɗanda ke zaune a zauren ranar nan, ka bincika ko akwai mai sauran numfashi. In babu, akwai 'ya'yansu.

Baban Sadiya (Aboabo):
Mutum biyar ne a zauren. Na san huɗu sun rasu. Na biyar an ce ya koma wurin 'yarsa a Ejura, zan sa a nemo mini labarinsa. Kafin nan, in Alhaji Mai Goro ya ba da izini, ina so in zo gaisuwa ranar Asabar. Zan tambayi yaron ko zai raka ni. In ya ƙi, ni kaɗai zan zo.

Alhaji Mai Goro (jikansa ke rubuta masa):
Alhaji ya ce bismilla, ku zo bayan la'asar, kada ku wahalar da kanku da tsaraba. Ya ce a gaya wa yaron za a gama hira kafin magariba, ba za a zaunar da shi wazifa ba. Tambayar da ya yi kuma, ta yafiya, Alhaji ya ce da baki zai ba shi amsa in sun haɗu. Baba, zan turo maka kwatancen gidan ta saƙo.